Sautinta ba magana, amma ta kunyata ni a gaban Umma

Wata bakwai ke nan da na sayi doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin, mai zuwa da wufarta daban, wato akwatin da ke fitar da sauti mai kauri. Da a watan farko na rubuta sharhin nan, taurari biyar zan ba ta ban ko tsaya tunani ba. Yanzu kam sai kun ji abin da ya faru tukuna.

Ni ma'aikaci ne, in na fita da safe sai bayan magariba. Abin da ke sauke min gajiya bayan isha'i shi ne kallon wasan mawaƙa da aka ɗauka a kan dandamali a gaban jama'a. Na fi son sa nesa ba kusa ba a kan wanda aka gyara a situdiyo, don a nan ne kake jin numfashin mawaƙi, ka ji inda mai ganga ya ɗan ƙara sauri sauran suka bi shi, ka ji taro ya ɗauki amshi. Da asuba kuma karatun Alƙur'ani nake sawa ina shirin fita. Amfanin talabijin a wurina ke nan, sai labarai jefi-jefi. Sifikokin da ke cikinsa kuwa ba su iya ko ɗaya ba. Guda biyu ne ƙanana, wat 10 kowacce, ƙasa suke kallo, ga shi talabijin na zamani ya yi sirantar da babu wurin da iska za ta motsa a cikinsa. Ganga sai ta fito kamar ana dukan gwangwani.

Daren da na haɗa sabuwar, na sa wani wasa da na kalla ya fi sau goma. Wallahi sai na ga ashe rabinsa nake ji duk tsawon lokacin nan. Akwai mai jitar bes a gefen hagu na dandamalin, kullum ina ganin yatsunsa suna aiki, ban taɓa jin abin da yake bugawa ba sai ranar. Sautin ya zo min ta ƙirji kafin ya zo ta kunne, ruwan da ke cikin kofi a kan tebur har rawa yake. Da gari ya waye na sa karatu, nan ma abin ya fi ƙarfin baki: gunna tana fita sarai, maddi yana tafiya har ƙarshensa, kana jin amon masallacin a bayan muryar mai karatu. Na makara zuwa aiki ranar, ban kuma ji haushi ba.

Matsala ɗaya na fara gani, ita ma ta warware da wuri. Da farko ta Bluetooth na haɗa ta da talabijin, sai na lura hannun mai ganga yana sauka kafin sautin ya iso. Jinkirin kaɗan ne, amma ga mai kallon kiɗa ya isa ya ɓata komai. A filin wasa ma akwai irin wannan, tunda sauti mita 343 yake ci a daƙiƙa guda, wanda ke tsaye mita talatin da 'yan kai daga dandamali yana jin bugun ne bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sai dai a can ido ya san akwai nisa, a falo kuwa fuskar mai gangar ce ta cika allo, don haka ƙwaƙwalwa ba ta yafewa. Da na koma wayar HDMI na sa a ramin da aka rubuta ARC, jinkirin ya tafi, rimot ɗin talabijin ma ya koma shi ke ƙara murya da ragewa. Duk wanda ya saya, ya fara da wannan. Wayar hannuna kuwa na bar ta a haɗe da sifikar ta Bluetooth, don wani lokaci ina sa karatu daga can ba tare da na kunna talabijin ba.

To, ga inda aka samu ɓaraka.

Umma ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma babu burin da ya fi wannan girma a ranta. Duk shekara a 'yar wayarta take sauraron addu'ar saukar Alƙur'ani da ake yi a Harami daren 29 ga Ramadan, wadda Sheikh Abdurrahman Sudais ya daɗe yana jagoranta. Mutumin da yake limanci a masallacin tun 1984, muryarsa ta zama kamar ta ɗan gida a wurinta. Tun farkon azumi nake ce mata, "Umma, bana a wurina za ki ji addu'ar nan, kamar kina cikin sahu." Na ɗauko ta da wuri, Kawu ma ya biyo mu. Na kamo tashar Saudiyya da ke nuna Harami ba dare ba rana. A Ramadan sa'a biyu ake bari tsakanin magariba da isha'i a Makka, don haka mun samu lokaci muka kintsa, na gyara mata wurin zama daidai tsakiyar sifikar.

Aka yi tarawihi, aka kai ƙarshen Suratun Nasi, liman ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin addu'ar nan haka ba. Amin ɗin jama'a yana tasowa ta wufa kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Na dubi Umma, tafukanta a buɗe, hawaye yana bin kumatunta yana sauka a kan hijabi, leɓɓanta suna motsi. Na ce a raina kuɗina sun biya.

Sai wayata ta yi motsi a aljihu. Saƙo ne a zauren hirarmu na wurin aiki, na ɗauka maganar jadawalin gobe ce, na ja gefe na taɓa. Ashe wani abokin aiki ne ya turo guntun bidiyon wasan mawaƙa. Kafin in ankara sifikar ta saki talabijin ta kama wayata, ba ta tambayi kowa ba. Ganguna da ihun taro suka cika falon, da ƙarfin da ya ninka na addu'ar, don muryar wayar a ƙure take. A allo ga Ka'aba, ga dubban mutane hannu a sama suna kuka, a kunne kuwa kiɗa. Kawu ya zabura ya ce, "Kai! Subhanallahi, mene ne haka?" Umma ta sauke hannunta.

Na kashe bidiyon nan take, amma sautin talabijin bai dawo ba. Shiru kawai, bakin liman yana motsi. Na lalubo rimot ɗin sifikar ina danna maɓallin sauya mashiga. Ba ta da allon da zai rubuta maka inda kake, 'yan fitilu ne masu launi, sai ka haddace wanne ne na wane. Hannuna yana rawa, na wuce wanda nake nema na sake zagayowa. Da na kai kansa ma ta ƙi magana da talabijin, sai da na kashe su duka na sake kunnawa. Minti huɗu ko biyar abin ya ci. Da sauti ya dawo, an kai salatin rufewa.

Umma ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba komai, ɗan nan, Allah ya karɓa mana." Ta shafa fuskarta ta naɗe dardumarta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta san ina sauraron kiɗa, ba ta so, amma ba ta taɓa tsare ni a kai ba, ni kuma duk watan azumi ba na kusantar sa don girmama watan. Sai ga shi a daren da ya fi kowanne daraja a wurinta, a ɗakina, da na'urar da na yi ta yi mata alfahari da ita.

Na san da hannuna a ciki, ni na taɓa saƙon. Amma wane irin tunani ne zai sa a ƙera abin da zai bar abin da mutum yake kallo ya bi waya don kawai ta yi ƙara? Washegari na juye littafin da ta zo da shi shafi-shafi, babu inda ake kashe wannan ɗabi'a. Na kira waɗanda suka sayar min, wani ya ce, "Yallabai, haka aka yi ta, sai dai ka riƙa kashe Bluetooth ɗin wayarka." Na ce to baƙon da ya taɓa haɗa tasa fa? Ya ce shi ma ya kashe. Bluetooth yana kai wajen mita 10, ke nan ko daga ɗaki ko daga bakin ƙofa wayar da ta taɓa haɗuwa da ita za ta iya ƙwace sautin.

Tun daga ranar sai sauran ƙananan abubuwan da nake kau da kai a kansu suka fara ci min rai. In ka tsayar da kallo na kamar kwata ka je salla, ta kashe kanta, in ka dawo sai ta haɗiye kalmomin farko kafin ta farka. In ka rage murya sosai da asuba don kada ka tashi maƙwabta, wufar ba ta raguwa daidai da sauran, sai gunji ya fi magana fita. Rimot ɗin kuma baƙi ne da rubutu toka-toka, a duhu sai lalube.

Duk da haka ban mayar ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, jiya ma na zauna na ji wasan nan na mai jitar bes, tsigar jikina ta tashi kamar daren farko. Ga wanda yake zaune shi kaɗai, kiɗa ne kawai damuwarsa, zai ji daɗinta ƙwarai. Ni na goge wayata daga cikinta gaba ɗaya, na rubuta ma'anar launin fitilun a takarda na manna a bayan rimot. Taurari uku na ba ta.

Bayan salla na ce wa Umma baɗi ta sake zuwa, na gyara komai. Ta ce, "In muna da rai." Sai ta ƙara da cewa na bara da ta saurara a wayarta, ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.