Kafin a sayi bawul ɗin ƙarfi na amfilifaya: gwadaddu, tsofaffin ajiya da batun saitin bayas

Ko da yake taransista ta mamaye kayan sauti tun bayan ƙirƙiro ta a 1947, har yanzu akwai masu kaɗa jita da masu sauraron kiɗa a gida waɗanda ba sa yarda da amfilifaya sai mai bawul, wato waɗannan kwalaben gilashi da ake zuƙe musu iska, masu ba da jan haske idan sun ɗau zafi. Bawul yana ƙarewa da aiki kamar yadda tayar mota take cinyewa, kuma manyan da ke tura sauti zuwa sifika, waɗanda ake kira bawul ɗin ƙarfi, su ne suke fara gajiya. Ranar da sauti ya dusashe ko fis ya fara ƙonewa, mai amfilifaya zai tarar da kasuwa cike da sunaye da farashi masu tazara sosai. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, sunan kamfanin da aka buga a jikin kwalbar shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, domin akwai tambayoyi biyu da suka riga shi: wane irin bayas, wato tsarin ƙayyade wutar da bawul yake ja, amfilifayar take da shi, kuma yaya aka gwada bawulolin da ake shirin saya.

Yawancin amfilifaya masu ƙarfi suna aiki da bawul biyu ko huɗu, kuma aikinsu ya yi kama da lugude, inda mata biyu suke daka a turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana tashi. Ɓangare ɗaya yana ɗaukar rabin igiyar sauti, ɗayan ya ɗauki sauran rabin, sannan taransifomar fitar da sauti ta haɗe su. Idan ɓangarorin biyu suna jan wuta daidai wa daida, maganaɗisun da kowanne yake haifarwa a cikin ƙarfen taransifomar yana soke na ɗan'uwansa, gurnanin wutar gida ma ya ragu. Idan kuwa ɗaya ya fi ɗaya ja, sai gurnani ya bayyana a sifika, ƙasan sauti ya yi rauni, wanda ya fi jan wutar kuma ya riga ɗan'uwansa mutuwa. Matsalar ita ce bawul biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, saboda kayan cikinsu siraran wayoyi ne da faranti da ake harhaɗawa da hannu, kuma ɗan bambancin tazara tsakaninsu yana sauya yawan wutar da za ta ratsa. Dalilin da ya sa masu sayarwa suke gwada su ɗaya bayan ɗaya su haɗa masu kama da juna ke nan, waɗanda ake kira gwadaddu.

Shi kuwa bayas, mafi sauƙin misalinsa shi ne silon inji. Ƙaramar wuta ce ta ɓangaren ragi da ake ba ragar da ke cikin bawul domin a ƙayyade yawan wutar da zai riƙa ja lokacin da babu sautin da ke wucewa. Idan aka bar shi yana ja fiye da kima, farantin cikinsa yana yin ja kamar garwashi, kuma hakan yana iya halaka shi cikin ɗan lokaci har ya tafi da wasu kayan. Idan aka matse shi da yawa, sauti yana fitowa a bushe da ƙaiƙayi, musamman a daidai inda ɓangare ɗaya yake miƙa wa ɗaya aiki.

A nan ne amfilifaya suka rabu, kuma rabuwar ce take faɗa wa mai saye abin da zai saya. Akwai masu bayas na katod (katod shi ne sashen cikin bawul da ake ɗumamawa), irin su Vox AC30 mai bawul huɗu nau'in EL84, da tsohuwar Fender Deluxe ta shekarun 1950, da Quad II a ɓangaren sauraron gida. A cikin waɗannan razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, ita ce take daidaita wutar da kanta, don haka ana iya cire tsofaffi a sa sababbi ba tare da an murɗa komai ba. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa kowane bawul zai yi, domin a AC30 dukkan huɗun razista ɗaya suke tarayya a kanta, kuma idan akwai mai haɗama a cikinsu zai kwashe kaso mafi yawa na wutar ya bar sauran. Irin waɗannan amfilifaya suna kuma aiki da zafi kusa da iyakar abin da bawul zai jure, shi ya sa mai su ya fi kowa buƙatar gwadaddu masu ƙwari, kuma ya sa rai zai riƙa sauyawa akai-akai.

Kashi na biyu su ne masu tsayayyen bayas da ake iya saitawa, kamar Fender Twin Reverb mai 6L6GC huɗu, da Deluxe Reverb mai 6V6 biyu, da Marshall JCM800 mai EL34. Sunan yana rikitar da mutane, domin wanda ake kira tsayayye shi ne wanda dole a sake saitawa duk lokacin da aka sauya bawul. Abin dubawa shi ne yawan maɓallan saiti. Idan maɓalli ɗaya ne yake kula da bawul biyu ko huɗu, to babu makawa sai gwadaddu, tunda ba za a iya rage wa ɗaya a ƙara wa ɗaya ba. Dynaco ST-70 ta 1959 misali ce mai kyau: kowane ɓangare yana da maɓalli ɗaya ga EL34 biyu, ana murɗa shi har mita ta nuna bolt 1.56, wanda yake nufin mili'am 100 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) ga biyun a haɗe, amma mitar ba za ta faɗa maka ko ɗaya yana jan 65 ɗaya 35 ba. Wadda take da maɓalli ga kowane bawul ta fi sassauci, ko da yake ita ma tana amfana da gwadaddu.

Akwai kuma masu tsayayyen bayas wanda ba a murɗawa, kuma Mesa/Boogie ita ce ta fi shahara da wannan tsari. Kamfanin yana tantance bawuloli ya sa musu alamar launi domin su faɗa cikin iyakar da amfilifayarsa take buƙata, saboda haka mai irin wannan ko dai ya sayi nasu, ko ya faɗa wa mai sayarwa sunan amfilifayar domin a zaɓo masa masu jan wuta daidai da ita. Sababbin ƙira kamar na PrimaLuna suna saita kansu da kansu, masu su ba su da wannan ɗawainiya.

Kalmar gwadaddu da ake rubutawa a kwali ba ta da ma'auni guda da kowa ya amince da shi, kuma nan ne ake yawan cutar mai saye. Gwaji na ƙwarai yana auna abu biyu, wato yawan wutar da bawul yake ja a zaune, da kuma yadda yake amsawa idan sauti ya taɓa ragarsa. Bawul biyu suna iya yin daidai a na farko su saɓa a na biyu, sai su zauna lafiya lokacin shiru amma su rabu da zarar an buɗe murya. Haka kuma yawan wutar da aka yi gwajin da ita yana da muhimmanci, domin wasu tsofaffin na'urorin gwaji suna aiki da wutar da ba ta kai rabin bolt 400 zuwa 500 da ke cikin amfilifayar jita ba, kuma waɗanda suka yi kama da juna a can suna iya bambanta a nan. Sabon bawul yana kuma sauya hali a sa'o'insa na farko, shi ya sa masu sayarwa na kirki suke kunna shi ya yi kamar yini da kwana kafin su auna. A ganina, duk wanda ba zai iya rubuta lambobin gwaji a jikin kowane kwali ba, ko ya kasa faɗin wutar da ya yi gwajin da ita, bai cancanci a biya shi ƙarin kuɗin gwaji ba. Bambancin da bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba yana da kyau ƙwarai, kashi 10 ma ya wadatar ga yawancin amfilifayar jita. Yana da kyau a adana waɗannan lambobi, domin idan aka sake sayen masu lamba iri ɗaya daga hannu ɗaya, saitin ba zai yi nisa da inda yake ba. Wannan ne tunanin da ke bayan ma'aunin 1 zuwa 10 na kamfanin sayar da bawul na Groove Tubes.

Game da inda ake ƙera su, sunayen sun fi masana'antun yawa nesa ba kusa ba. JJ Electronic tana ƙerawa a ƙasar Sulobakiya. Masana'antar da ke garin Saratov na Rasha, mallakar kamfanin New Sensor na Amurka, ita ce take fitar da Sovtek da Electro-Harmonix, da kuma sababbin Tung-Sol da Mullard da Genalex Gold Lion, waɗanda sunayen tsofaffin kamfanoni ne da aka saya, ba ci gaban masana'antunsu na asali ba. A Sin akwai irin su Psvane. Ƙarancin masana'antun ne ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ba ina cewa duk ɗaya suke ba, domin akwai bambancin ƙira da na tantancewa ko a cikin masana'anta ɗaya, amma bambancin da ke tsakanin saitin bayas mai kyau da marar kyau ya fi fitowa a kunne fiye da wanda ke tsakanin suna da suna.

Tsofaffin ajiya kuwa, wato waɗanda aka ƙera tun zamanin RCA da Telefunken da Mullard ta garin Blackburn a Ingila amma ba a taɓa amfani da su ba, da yawansu sun fi na yanzu juriya, wannan gaskiya ne. Sai dai samun huɗu masu kama da juna a cikinsu yana da wuya, jabu sun yi yawa, kuma ana goge na hannu a sayar da su a matsayin sababbi. Wanda yake da amfilifayar sauraro a ɗaki, mai amfani da ita cikin lallami, yana iya ganin amfanin kuɗinsa idan ya sami amintaccen mai sayarwa. Ga makaɗin da ke ɗora amfilifaya a mota daga wannan biki zuwa wancan, ban ga hikimar hakan ba, gara ya sayi sababbi saiti biyu ya ajiye ɗaya.

Kada a ɗauka cewa duk bawul ɗin da ya shiga soket ya dace. EL34 da 6L6GC suna shiga rami iri ɗaya, amma wayar ɗumama EL34 tana jan am 1.5, ta 6L6GC kuwa 0.9, don haka huɗu za su ɗora wa taransifoma am 6 a maimakon 3.6, ga shi kuma bayas ɗinsu ya bambanta. Haka 6V6 ba ya jure wutar amfilifayar da aka ƙera domin 6L6GC. Abin da aka rubuta a jikin amfilifayar shi za a saya, sai idan masu ƙirar sun tanadi makunnin sauyawa.

Lissafin saitin ba shi da wuya. Kowane bawul yana da iyakar zafin da farantinsa yake jurewa: wat 25 ga EL34, 30 ga 6L6GC, 12 ga EL84. Al'adar masu gyara a tsayayyen bayas ita ce kada a wuce kashi 70 cikin ɗari na wannan iyaka a zaune. Idan EL34 ne, kashi 70 na 25 shi ne wat 17.5, a raba da wutar farantin da aka auna, a ce bolt 450, sai a sami kusan mili'am 39. Wannan iyaka ce ta sama, kuma kashi 60 yana ba da sauti mai kyau tare da tsawon rai. Ga masu zaune a Najeriya da Nijar wannan ragin ya fi muhimmanci, saboda wutar gida da ya kamata ta tsaya a wajen bolt 220 zuwa 230 tana hawa da sauka, ta janareto ma haka, kuma idan ta hau, wutar faranti tana hawa tare da ita. Ya kamata a auna wutar soket a lokacin saitin, a yi amfani da sitabilaiza mai kyau, sannan amfilifayar da aka shigo da ita daga Amurka mai bolt 120 tana buƙatar taransifomar rage wuta mai isasshen ƙarfi.

Aikin da kansa yana da haɗari na gaske, domin kafasitocin ciki suna riƙe da ɗaruruwan bolt ko bayan an zare filogi, kuma suna iya kisa. Wasu amfilifaya suna da ramukan awo a baya waɗanda ake sa mita ba tare da an buɗe komai ba, akwai kuma na'urar awo da ake sawa tsakanin bawul da soket. Idan saitin yana buƙatar a buɗe ciki, to a kai wa mai gyaran da ya san aikin bawul, domin ba kowane mai gyaran rediyo na yanzu ne ya taɓa aiki da irin wannan wuta ba, kuma a tabbatar an jona sifika kafin a kunna, tunda rashin ta yana iya ƙona taransifomar fitar da sauti. A lissafa ladan mai gyaran a cikin kuɗin saye tun farko, a kuma nemi ya duba razistocin da ke jikin soket, saboda tsohon bawul idan zai mutu yakan ƙona su, kuma sabon da aka ɗora a kan ƙonanniyar razista ba zai yi aiki daidai ba. Tunda kayan daga waje ake yo odarsu, kuma garantin bawul galibi na 'yan watanni ne, a sa su a gwada da zarar sun iso, a zuba wa farantinsu ido a ɗaki mai duhu na mintunan farko, a sake auna bayas bayan an yi 'yan kwanaki ana amfani da su.