Na sayi littafi don mavka, babinta ne babu

Wata guda na yi ina jiran littafin nan na tatsuniyoyin mutanen Slav (su Rasha, Yukren, Bulgariya da danginsu), kuma saboda mavka kaɗai na saye shi. Lokacin da nake karatu a Yukren, tsohuwar da muke haya a gidanta ta sha ba mu labarinta: budurwa ce kyakkyawa mai dogon gashi a dazuzzukan tsaunukan Karpat, ta gaba ba ta da makusa, amma in ta juya, bayanta babu fata, kayan ciki a fili. Wai kurwar yarinyar da ta mutu ba a yi mata baftisma ba ce. Ƙannena sun ce ƙarya nake shirgawa, shi ya sa na so su gani a rubuce.

Ya iso, na doshi babin mavka, sai na tarar shafuka 16 babu. Ba yagewa suka yi ba, tun wajen ɗinki aka tsallake su. Na yi wa mai sayarwar magana, wai in turo hoto. Hoton abin da babu? Na dai tura. Yau kwana 9, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Da haushina na ci gaba da karantawa, kuma gaskiya babin rusalka ya ɗan sanyaya mini rai. Ba su maƙala mata wutsiyar kifi ba. Sun kawo ta yadda mutanen karkarar Rasha da Belarus suka san ta: budurwar da ta nutse a ruwa, wadda wajen watan Yuni take fitowa ta hau reshen bishiya tana lilo, in ta kama namiji ta yi masa cakulkuli har ya mutu. Maganinta wani ganye mai ɗaci, ɗan uwan tazargade, abin da ya ba ni dariya. Samodiva, aljanar daji ta Bulgariya, ita ma ta burge ni: ka sace rigarta ta zama matarka, ranar da ta gano inda ka ɓoye, ta yi gaba. A nan har na ce tauraro 4 zan ba su.

Sai jiya ƙanwata ta ɗauka, ta duba jerin babobi, ta nemi mavka ta rasa, ta ce, "Yaya, ko ita ma ta juya baya ne?" Tauraro 2, har sai sun amsa saƙona.