Tsawar Linus Torvalds da matsin da aka yi wa mai kula da xz

Ɗan'uwa, ka ce ka kai ƙorafi kan wata manhaja ta kyauta, irin wadda ake barin rubutunta a buɗe kowa ya gyara, sai mai kula da ita ya ba ka amsa mai zafi. Kana tambaya: masu rubuta manhajar ne ke da girman kai, ko mu masu amfani ne muka cika takura? Bari in ajiye maka labari biyu kusa da juna. Dukansu na mutanen Finland ne.

Na farko shi ne Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kamar yadda Windows ke yi. Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma shekara da shekaru an san shi da kaifin baki. Abin da ake mantawa shi ne tsawarsa ta fi sauka a kan 'yan'uwansa masu rubutu, kuma sau da yawa don ya kare mai amfani ne. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassauci a kanta: duk gyaran da ya sa manhajar da ke aiki jiya ta tsaya yau, laifin gyaran ne. A ƙarshen 2012 ya wanke wani babban mai kula da sashe tas a bainar jama'a, don kawai ya yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan manhajar masu amfani. Ƙa'idar tana kan gaskiya, amma harshen ya kori mutane. A 2015 aka samu ficewar Sage Sharp, mai kula da sashen USB 3.0 a baya, kuma dalilin da aka bayyana shi ne wannan yanayi na cin fuska. A watan Satumba na 2018 Linus da kansa ya nemi afuwa, ya ja gefe na kusan wata guda, Greg Kroah-Hartman ya riƙe aikin har aka saki fitowar Linux mai lamba 4.19, aka kuma shigo da dokar mu'amala.

Na biyu shi ne xz, wata ƙaramar manhaja da ke matse fayil ya ragu. Kusan kowace kwamfuta mai Linux tana ɗauke da ita, amma mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. A 2022 wasu da suka zo a matsayin masu amfani suka sa shi gaba: aikin ya tsaya, ka yi sakaci, ka miƙa wa wani. Ya ba su amsa cikin ladabi, ya ce yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta daɗe, ya tuna musu cewa aikin sa kai ne. Ba su raga masa ba. A gefe kuma akwai wani mai suna Jia Tan, wanda ya fara taimakawa tun 2021, mai haƙuri, mai iya aiki. Sannu a hankali aka ba shi ikon sakin manhajar. A farkon 2024 ya cusa ɓoyayyar ƙofa cikin fitowar xz mai lamba 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba mai riƙe da mabuɗinta damar shiga kwamfutocin da ke nesa. Allah ya sa wani injiniya mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Masu bincike da dama suna kyautata zaton masu matsin nan ba masu amfani na gaske ba ne, da gangan aka shirya su. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali: ba wanda ya gane su a lokacin, domin haka masu amfani na gaske ke magana kullum.

To, ka duba bambancin. Linux yana da dubban masu rubutu, kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google suna biyan da yawa daga cikinsu, shi kansa Linus Linux Foundation ce ke ɗauke da shi. Da bakinsa ya yi ɓarna, an samu waɗanda suka tsaya suka ce a'a, da wanda ya riƙe aikin, da dokar da aka rubuta. Collin ba shi da ko ɗaya. Rikicin Linux ya jawo asarar ƙwararru, kuma ba ƙaramar asara ba ce. Na xz saura ƙiris ya buɗe ƙofar kwamfutoci masu tarin yawa a duniya. Ko mai suna bai tsira ba: Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, wato wani harshe na rubuta manhaja, ya sauka daga shugabancinta a Yulin 2018 bayan doguwar taƙaddama kan wani sauyi guda, ya ce ya gaji.

Ni dai a ganina, matsin masu amfani ya fi haɗari, domin yawancin waɗannan manhajoji sun fi kama da xz, ba Linux ba. Ban ce wanda ya yi maka tsawa ya kyauta ba, bai kyauta ba. Amma kafin ka mayar masa da martani, duba ka ga mutum nawa ne suka taɓa rubutun a shekarar nan. In shi kaɗai ne, sake tura masa saƙon: lambar fitowar manhajar, irin kwamfutarka, abin da ka danna har matsalar ta bayyana, da kuma tambayar ko akwai abin da za ka gwada masa a wajenka.