Format Factory da tsohuwar na'urar DVD ta gida

Format Factory manhaja ce ta kyauta ga kwamfuta mai Windows, kuma wajen juya bidiyon waya ya zama wanda na'urar DVD ta gida za ta karɓa, ta biya mini buƙata. Sharaɗin dai shi ne mutum ya shiga saitinta da hannunsa.

Bidiyon bikin ƙanwata ne ya haɗa ni da ita. Hajiyarmu ba ta son kallo a waya, idonta ba ya ɗauka, ta fi son na'urarta mai ramin filashi a gaba. Da muka zuba mata bidiyon yadda yake, wasu ko sunansu bai fito ba, wasu kuma sai guɗar mata ake ji allo baƙi ƙirin. Abin ya dame ni, domin ita ta fi kowa ɗokin gani.

Ga inda gizo ke saƙar. Wayoyin yanzu suna ɗaukar bidiyo da tsarin matse hoto na H.264 ko H.265 cikin fayil irin MP4, sau da yawa a girman 1920x1080, sautin kuma da tsarin AAC. Galibin tsofaffin na'urorin DVD kuwa, musamman masu tambarin DivX a goshi, tsarin matse hoto na Xvid ko DivX cikin fayil irin AVI suka sani, kuma ba sa ɗaukar hoton da ya wuce 720x576. Saboda haka zaɓar AVI kaɗai bai wadatar ba. Na sa Xvid, na rage girman hoton, na mayar da sauti MP3, na tsayar da gudun hoto a hotuna 25 cikin daƙiƙa, wanda shi ne na tsarin talabijin na PAL da ake amfani da shi a Najeriya. Wannan na ƙarshen ya taimaka wajen wata matsalar kuma: waya takan riƙa sauya gudun hoto tana cikin ɗauka, shi ya sa bayan an juya sai ka ga bakin mai addu'a yana motsi muryarsa na biyo baya. Da na tsayar da shi, baki da murya suka daidaita.

Filashin ma yana da nasa. Dole tsarin ajiyar fayil ɗinsa ya kasance FAT32, shi kuwa ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB. Manhajar tana yanka bidiyo, sai na raba na wunin biki gida biyu.

Hoton ya ragu, wannan babu makawa. A ƙaramar talabijin ɗin Hajiya ba a lura, amma a babban allo adon leshin amarya ya ɗan dushe. Wanda aka ɗauka da waya a tsaye kuma ya fito da baƙi dama da hagu. Gara a bar shi haka, don idan aka ja shi ya cika allo fuskoki baje wa suke yi.

Idan na'urarku faifai kaɗai take ci kuma ba ta da DivX, kwafa AVI a kan faifai ba zai yi ba. Sai an shirya shi a tsarin faifan DVD na bidiyo, mai folda mai suna VIDEO_TS, kuma a nan manhajar DVDStyler na fi ba da shawara, ita ma kyauta ce. Kafin ku juya na awa biyu, ku yanko minti ɗaya ku gwada a na'urar tukuna.