Na ɗauki mai kai sammaci a Bronx ba tare da lauya ba

Kuɗin da nake bin mutumin sun haura dala 10,000, iyakar abin da kotun ƙananan ƙararraki ta New York ke saurara ke nan. A can kotu ce ke aika wa wanda ake ƙara takarda ta gidan waya. Ni kuwa sai da na shigar da ƙarata a kotun farar hula da ke 851 Grand Concourse, wadda huruminta ya kai dala 50,000. Akawun kotu ta miƙo mini sammaci, ta ce in nemi wanda zai kai. A gida mun saba da masinjan kotu, nan kuwa ɗawainiyar a wuyan mai ƙara take, kuma doka ta hana shi kaiwa da hannunsa. Kwana 120 ake bayarwa daga ranar shigar da ƙara.

Duk wanda ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar yana iya kaiwa, kyauta ma. Wani dattijo a masallacinmu ya ce mini, "Malam, ka ba ɗaya daga cikin yaran nan mana, me zai sa ka kashe kuɗi?" Na ce, "Baba, wa zai yarda?" Mutumin namu ne, tare ake haɗuwa wurin suna da ɗaurin aure. Duk yaron da ya kai masa takardar kotu ya sayi gaba har gida, iyayensa ma sai sun ji a waya. Shi ya sa na nemi bare.

Kafin in biya sai da na duba lambar lasisin kamfanin kai sammacin da na samu a shafin DCWP, hukumar birnin da ke ba su izini. Wanda ke kai sammaci sau 5 ko fiye a shekara dole ya mallaki lasisin, kuma dole ya riƙe na'urar GPS da ke nuna inda ya tsaya da lokacin. An tsaurara dokar ne bayan an kama masu zubar da takardun mutane su rantse sun kai, a yanke wa bayin Allah hukunci ba su ma san da ƙarar ba.

Farashin bai yi tsada ba idan aka gwada da kuɗin awa guda na lauya. Amma na adireshi ɗaya ne kawai. Da aka tarar mutumin ya tashi daga gidan da na sani, sai da na sake biya kafin a je garejin da yake aiki. Kuma ba sa nemo maka mutum sai da wani kuɗin daban. Ni na ba su hotonsa, da launin motarsa, da lokacin da yake buɗe gareji. Na so a tare shi ranar Lahadi da yake zaman gida, suka ce dokar jihar ta hana kai sammaci ranar.

Shi kansa ba su same shi ba. Wani ma'aikacin garejin aka ba takardar, sannan aka aika kwafi ta gidan waya, domin doka ta ce a haɗa biyun cikin kwana 20. Ambulan ɗin ma da ƙa'idarsa: an rubuta cewa na sirri ne, babu abin da zai nuna maganar shari'a ce a ciki.

Inda kuɗina suka yi amfani shi ne takardar rantsuwar da suka ba ni. Shafi ɗaya ce, amma ba abin da aka bari: rana, awa da minti, adireshi, sannan siffar wanda ya karɓa, namiji ne, launin fatarsa da gashinsa, kimanin shekarunsa, tsayinsa da nauyinsa. Har an tambaya ko wanda nake ƙara soja ne, abin da kotu ke so ta sani kafin ta yanke hukunci a bayan idon mutum. Yaron masallaci ba zai san da wannan ba. Da mutumin ya zo kotu yana cewa shi bai ga komai ba, alƙali ya karanta takardar, aka wuce wurin.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rashin magana. Ka kira, a ce za a kira ka, shiru. Sannan shigar da takardar rantsuwar a kotu ba ya cikin farashin, a ƙasan rasit aka rubuta da ƙananan haruffa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, tunda idan ba hannu da hannu aka ba mutum ba, kwana 30 ɗin da yake da su na ba da amsa ba sa fara ƙirguwa sai an shigar da ita. Ni na ɗauka na kai. Tambayar shari'a kuma ba sa amsawa ko ɗaya, sai su ce su ba lauyoyi ba ne. Ofishin taimako na cikin kotun ne ya yi mini bayanin sauran, kyauta.

Idan buƙata ta sake tasowa zan ɗauki mai lasisi, amma sai an rubuta mini adireshi nawa kuɗin ya ƙunsa, zuwa nawa za a yi, da wanda zai shigar da takardar rantsuwar a kotu.