Yadda muka ɗauke wa Kawu kuɗin jana'izarsa daga wani kamfani zuwa wani

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Inna ta ji sauƙin ƙafar. Ka tambaye ni abin da ya hana ni kira makon jiya. Hidimar Kawu ce ta riƙe ni, kuma ina so ka ji ta daga bakina. Lafiyarsa ƙalau, kada hankalin kowa ya tashi.

A gida idan rai ya yi halinsa, kafin a gama kuka maƙwabta sun yanko likkafani, an ɗauko makara daga masallaci, matasa sun tafi makabarta da diga da shebur. Wanda ya rasu da hantsi, bayan azahar an sallace shi. A nan Amurka kamfani ne ke ɗaukar gawa, ya ajiye ta, ya nemo takardar izinin binnewa, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasar ta ce a 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza ya kai dala 8,300, ban da kuɗin kabarin kansa. Shi ya sa tsofaffi ke biya tun suna raye, don kada su bar wa iyali bashi.

Kawu ma haka ya yi a nan Bronx, cikin birnin New York, shekarun baya, lokacin da ake cika masa takardun Medicaid, wato tallafin asibiti na masu ƙaramin ƙarfi. Ya sa hannu bai karanta ba. Da na buɗe takardun sai jikina ya yi sanyi. An rubuta za a ɗura wa gawa maganin hana ruɓewa, a sa ta a akwati mai tsada, a ajiye a zaure mutane su zo kallo. Ba wanka, ba likkafani. Mutumin da tun zuwansa ƙasar nan ba ya rasa sahun asuba! Ban ga laifin kamfanin ba, abin da suka saba yi ke nan, amma daren nan ban runtsa ba.

Liman ne ya haɗa mu da wani kamfani na Musulmi mai ɗakin wankan gawa. Na ɗauka kuɗin farko sun tafi ke nan, ashe dokar jihar New York ta tsare su. Duk abin da mutum ya biya, dole kamfani ya zuba shi gaba ɗaya a asusu na musamman, kuɗin suna nan da sunan mai su. Yarjejeniyar iri biyu ce. Akwai wadda za ka iya sokewa ka karɓi kuɗinka, akwai wadda ba ta sokuwa, irin ta masu Medicaid, ita ce ta Kawu. Ba za a ba shi ko sisi a hannu ba, amma yana da ikon cewa a mayar da asusun ga kamfanin da ya ga dama. Ya sa hannu a wasiƙa, kamfanonin biyu suka ƙarasa sauran tsakaninsu. Na ji a wasu jihohin kamfani na iya riƙe wani kaso, don haka na gargaɗi 'yan'uwanmu na Ohio su duba nasu.

Inda muka ɗan sha wuya shi ne farashi. Tsohon kamfanin ya yi alkawarin ba zai ƙara kuɗi ba komai daɗewa, to wannan alkawari bai biyo mu ba. Sabon ya ɗauko farashinsa na yau. Allah ya taimake mu jana'izar Musulmi ba ta da kayan ƙawa, da aka cire maganin da akwatin alfarma da zauren kallo, kuɗin suka isa. Tun 1984 akwai dokar tarayya da ta tilasta musu ba ka jerin farashi a rubuce, ka zaɓi abin da kake so ka bar wanda ba ka so. Da wannan takarda na zauna muna bi layi-layi. Gaskiya wannan tsari ya burge ni, ko da yake na fi son namu na gida inda zumunci ke ɗaukar nauyin.

Kabari ne ya rage. Shi cinikinsa daban ne, da makabarta aka yi, ba ya bin mutum. Wanda Kawu ya saya ba ya fuskantar alƙibla. Mun kama masa wani a sashen Musulmi na wata makabarta a New Jersey, jama'ar masallaci suka haɗa kuɗin. Sun ce sai an sa akwatin siminti a cikin kabarin don kada ƙasa ta lotsa, amma sun yarda da marar gindi, yadda gawa za ta kwanta a kan ƙasa. Tsohon kabarin har yanzu muna jiran amsar makabartar ko za ta saye shi.

Kawu ya ce in faɗa maka ya haƙura da maganar kawo shi Kano, a binne shi inda ajali ya riske shi. Ka san yadda za ka gaya wa Inna a hankali. Takardun suna hannuna, kwafi ɗaya yana wurin liman.