Filtar hayaƙin tirela: yadda ake yi a Jamus da yadda muke yi a gida

Salamu alaikum 'yan uwa bakanikai da direbobi, barkanmu da aiki. Masu tambayata kan waɗannan DAF da MAN da Actros na bayan nan da ake lodawa daga Hambog zuwa Legas, wai me ya sa da sun shigo gida sai su fara kawo wuta a dashbod mota ta ƙi ja, to ga abin da nake gani a garejin da nake aiki a nan Jamus.

Tun 2014 duk sabuwar tirela a Turai sai ta kasance Euro 6, wato ta cika ƙa'idar rage hayaƙi ta Turai, kuma a cikin salansarta akwai filta da ake ce wa DPF, cikinta ramuka ne ƙanana kamar saƙar zuma, ita ke tare baƙin hayaƙin gas. In ta cika motar da kanta take ƙona shi, zafin ya kan kai wajen digiri 600, shi ya sa in wutar ta kawo ba a son direba ya yi ta danna madannin hana ƙonawar. Amma fa akwai tokar da ba ta ƙonewa, daga baƙin mai take zuwa, wannan sai an sauke filta.

A nan ba mai sa tocila ya yanke. Za a jona kwamfuta a ga yadda ta toshe, a kwance, a sa wata wankakkiya da ke ajiye a sito, taka kuma a tura kamfanin wanki su gasa ta a tanda su hure tokar da iska su auna nauyinta kafin da bayan aiki su haɗo maka da takarda, direba ya sha kofi ya kama hanya a ranar. Sabuwa dal kam dubban Yuro ce, wankin bai kai ko kusa ba. Kuma oganmu ba ya barin a mayar da filta sai an duba nozul da turbo, don in suna zubar da mai to wata biyu ma ba za ta yi ba ta sake toshewa, in ta tsage kuwa shikenan sai bola.

Kar ku ɗauka tsoron Allah ne ya hana su cirewa, doka ce wallahi. Tirela duk shekara sai ta je gwaji wajen kamfanonin gwajin mota irin su TÜV ko DEKRA, kuma tun Yulin 2023 har ƙwayoyin hayaƙin suke ƙirgawa da na'ura a bakin salansa, filtar da aka huda ba ta wucewa. Ga jami'an BALM, hukumar sa ido kan sufurin kaya, a kan titi suna tare motoci suna neman 'yar na'urar da ake ɓoyewa don a kashe AdBlue, wato ruwan yuriya ɗin nan mai tankinsa daban da shuɗin murfi. Shi ma in ya ƙare ka yi kunnen ƙashi, motar za ta rage ƙarfi har ta koma gudun kilomita 20, ko mai keke ya wuce ka.

Ni dai ban ga laifin bakaniken gida da ke farke tukunyar filtar ya zubar da cikin ba, da me zai wanke? Gas ɗin Jamus farar wutar da ke ciki ba ta wuce 10 cikin miliyan, namu kuwa an daɗe ana shigo da mai dubbai, ECOWAS ta sa iyakar 50 a 2020 amma wanda ake saya a jarka a bakin hanya wa ya auna shi? Ga baƙin mai na durom da ake zubawa a injin da ke son mai ƙarancin toka.

Don haka Alhaji in za ka sayo Euro 6 ka fara tambayar inda za ka riƙa shan mai, da wanda ke da kwamfutar motar a garinku, sannan ka ce dillali ya turo maka takardar wankin filta na ƙarshe da kilomitar da aka yi shi. In ya fara kame-kame ka sa kuɗin filta cikin cinikin.